Garin Daimon Da Yadda Ya Koma Kan Leda

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera, ko ya ga wanzami yana wasa aska, ya san ƙa'ida guda ko da ba a faɗa masa ba: abin da za a yi washi da shi tilas ya fi abin da a ke wasawa tauri. Magagari ya kan ci tagulla, dutse ya kan ci magagari. To, in abin da a ke so a goge ya fi dukkan duwatsun duniya tauri fa, da me za a goge shi? Masu sana'a sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan tambaya, labarin famarsu kuwa shi ne za mu bi a nan, tun daga kogunan ƙasar Hindu har zuwa wata 'yar leda mai launi wadda a ke goge bakin zaren gilashi da ita a zamaninmu.

Da farko bari mu daidaita suna. Mutanenmu da yawa su kan ce da wannan dutse lu'ulu'u, amma wanda ya taɓa Larabci ya san lu'ulu'u na ainihi a teku a ke samunsa, cikin ɓawon wata halittar ruwa, kuma ba shi da tauri, wuƙa ma tana iya ƙarzarsa. Dutsen da mu ke magana Larabawa almas su ke ce masa, Turawan Ingila su ce daimon, dukkan sunayen biyu kuwa asalinsu wata kalma ce ta Yunananci mai ma'anar abin da ba a rinjayarsa. Saboda gudun rikici za mu riƙa cewa daimon.

A cikin 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma, kowane yana iya ƙarzar na ƙasa da shi. Farcen mutum ya faɗo wajen biyu da rabi a wannan jeri, wuƙa da gilashin taga wajen biyar da rabi, farin dutsen nan da yawancin yashi ya ke fitowa daga gare shi ya sami lamba 7. Dutsen yaƙutu da danginsa, wanda a ke kira korandam, shi ne na 9. Daimon ya zauna a kan 10, shi kaɗai. Kada mai karatu ya ɗauka tsakanin 9 da 10 taki ɗaya ne kurum, domin in an auna sosai daimon ya ninka korandam tauri wajen sau huɗu.

Mutanen Hindu ne suka fara saninsa. Tun kafin haihuwar Annabi Isa suna tsintarsa cikin tsakuwar kogunansu, musamman kogin Krishna da na kusa da shi, har daga baya birnin Golconda ya zama babbar kasuwarsa. Sarakuna sun riƙe manyan saboda ado, yadda suka fito daga ƙasa, ba gyara, don ba abin da zai gyara su. Ƙanana da ɓaraguzai kuwa sai suka faɗa hannun masu sana'a, kuma a nan ne amfanin dutsen ya fara bayyana. Wani marubuci Barume, Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa masu zane a kan duwatsun zobe suna neman ɓarɓashinsa ido rufe, su dasa shi a bakin ƙarfe su huda kowane irin dutse. Shi Pliny ɗin dai ya ce wai jinin bunsuru mai ɗumi yana tausasa daimon. Wannan tatsuniya ce, amma an yi fiye da shekara dubu ana kwafarta daga littafi zuwa littafi. Har yanzu a garin Khambhat na jihar Gujarat akwai masu huda jan dutsen adon nan da Larabawa ke kira aƙiƙ da tsinke mai ƙwayar daimon a baki, suna juya shi da baka da tsirkiya.

Huda dutse da daimon abu ne mai sauƙin fahimta. Goge shi kansa daimon ɗin shi ne aiki. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari, haka kuwa aka yi: aka daka ɓaraguzan daimon a ƙaramin turmin ƙarfe har suka zama gari, aka kwaɓa da mai, aka shafa a kan faifan ƙarfe mai juyawa, aka danna dutsen a kai. An ambaci ƙungiyar masu goge daimon a birnin Nuremberg na Jamus tun 1375. Mutanen Beljiyam suna danganta faifan da wani mutumin Bruges, Lodewyk van Bercken, cikin ƙarni na 15, ko da ya ke labarin ya fito ne daga littafin wani da ya ce shi zuriyarsa ne, kusan shekara ɗari biyu bayansa, saboda haka masana tarihi ba su saki jiki da shi ba. Wani falken duwatsu Bafaranse, Tavernier, wanda ya yi tafiya shida zuwa gabas tsakanin 1631 da 1668, ya tarar da mutanen Hindu su ma suna da nasu faifan, da garinsu da mansu.

Mai hankali zai tambaya, ta ƙaƙa abu zai ci abin da taurinsu ɗaya? Amsar tana wajen mai faskare. Kowa ya san itace yana da hanyar da ya ke tsagewa da sauƙi, da hanyar da gatari zai yi ta tsalle a banza. Daimon ma haka ya ke, taurinsa ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. In an baza gari a kan faifai, ƙwayoyinsa dubbai suna kwance ta kowane gefe, saboda haka kullum a kan sami waɗansu da suka juyo da gefensu mafi tauri. Aikin gwani shi ne ya juya dutsen har ya gano fuskarsa mai rangwame, ya miƙa ta ga faifan. In ya kuskure, sai ya wuni yana juyi, faifan ya yi kwari, dutsen ko gezau. Da wannan sani ne biranen Antwerp da Amsterdam suka yi suna.

Wajen 1725 aka sami daimon a Brazil, kasuwar Hindu ta ja baya. A 1867 wani yaro ɗan manomi ya tsinci wani dutse mai ƙyalli kusa da kogin Orange a Afirka ta Kudu, kafin 1871 jama'a sun yi dafifi a wurin da ya zama garin Kimberley, a 1888 kuma Cecil Rhodes ya tattara ramukan ƙarƙashin kamfanin De Beers. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin abin da a ke haƙowa bai isa ado ba. Waɗansu baƙaƙe ne, waɗansu masu tsaga, waɗansu ƙanana kamar ƙwayar gero. Masu sayar da zobe sun ɗauke su tamkar dusa, ba su da wani amfani sai a daka su a goge 'yan'uwansu masu kyau.

Darajar dusar nan ta tashi ne daga wani wuri dabam. A 1923 wani ma'aikacin kamfanin fitilu na Osram a Jamus, Karl Schröter, ya gano yadda za a haɗa garin wani ma'adini mai suna tangistan kabaid da ƙarfen kobal, a gasa su su dunƙule. Bayan 'yan shekaru kamfanin Krupp ya shiga sayar da shi da sunan Widia, watau taƙaitawar kalmomin Jamusanci masu nufin "kamar daimon". Bakin injin da aka yi da kabaid yana yanka ƙarfe da saurin da ba a taɓa gani ba, kuma ya kan daɗe bai dakushe ba. Amma ranar da ya dakushe, sauran duwatsun washi ba su cinsa sai da wahala. Sai aka koma ga garin daimon, aka riƙa dasa shi a bakin faifan washi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, kowace ma'aikatar jiragen sama da ta igwa tana bukatarsa, har ya zama kayan yaƙi da gwamnatoci ke tsaro. Mafi yawansa daga Kwango ta Beljiyam ya fito, daga Bakwanga, garin da a yau a ke kira Mbuji-Mayi. Ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, ita ma ta ba da nata rabo: a 1919 Albert Kitson, shugaban masu binciken ma'adinai na ƙasar, ya sami daimon a kwarin kogin Birim, aka kafa haƙa a Akwatia, duwatsun wurin kuwa yawancinsu ƙanana ne, na aiki.

Ganin dukan masana'antunsu sun rataya ga ramukan wata nahiya, sai manyan ƙasashe suka ƙudura su ƙera dutsen da kansu. Asalinsa dai an daɗe da saninsa. Tun 1772 Lavoisier na Faransa ya ƙone daimon da hasken rana ta cikin wani ƙaton gilashi, a 1797 kuma Smithson Tennant na Ingila ya tabbatar cewa jinsinsa ɗaya da gawayi, da kuma baƙin abin nan da ke cikin fensir. Bambancin kawai yadda ƙwayoyinsa suka sarƙe da juna ne, saboda matsi da zafin da suka sha can ƙarƙashin ƙasa. Sani ya samu, amma tukunyar da za ta jure wannan matsi ita ce ta gagara har shekara ɗari da hamsin. Mutanen kamfanin ASEA na Suwidin suka fara dacewa a birnin Stockholm ran 16 ga Fabrairu 1953, sai suka yi shiru da bakinsu, shirun kuwa ya jawo musu asarar suna. Ran 16 ga Disamba 1954, a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Schenectady a Amurka, Tracy Hall ya buɗe injin matsi da ya tsara, ya ga ƙwayoyi suna walƙiya. Matsin ya ninka nauyin iskar da ke kanmu fiye da sau 50,000, zafin ya isa narkar da ƙarfe. Abin da ya fi muhimmanci, da waɗansu suka maimaita aikin bisa kwatancensa, su ma sun samu. Kamfanin ya ba da sanarwa a Fabrairu 1955, ya fara sayarwa a 1957. Shi Hall tukwicinsa takardar ajiya ce ta dala goma, bai daɗe ba ya bar aikin ya koma koyarwa a jami'a.

Ƙwayoyin da Hall ya samu, mafi girmansu bai kai rubu'in milimita ba. Mai sayar da zobe ko kallonsu ba zai yi ba, amma su ne daidai bukatar mai washi. Ga kuma abin sha'awa: haƙoran injin da ke matse gawayi ya zama daimon da kabaid a ke yinsu, shi kabaid ɗin kuma da daimon a ke gyara shi. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na daimon da a ke aiki da shi a masana'antu ƙerarre ne, mafi yawansa kuwa daga ƙasar Sin, musamman lardin Henan.

Gari ya wadata ke nan. Saura yadda za a riƙe shi, a nan kuwa sai mun koma baya kaɗan mu ɗauko labarin samfefa, wadda kowane kafinta ya sani. Manna yashi ko garin kwalba a kan takarda tsohuwar dabara ce, John Oakey yana yinta a London tun 1833. A 1902 waɗansu mutum biyar suka kafa kamfani a garin Two Harbors na jihar Minnesota da niyyar haƙar korandam, ashe dutsen da suka saya ba korandam ba ne, wani ne maras amfani. Da ƙyar suka tsira, suka koma yin samfefa, a 1921 suka fito da irin wadda ruwa ba ya lalata ta. Kamfanin shi ne 3M, yana kuwa cikin masu yin ledar da mu ke nufi. Amma takarda ba ta dace da aiki mai laushi ƙwarai ba, domin in ka dube ta da madubin ƙara girma za ka ga duk tudu da kwari ce, tana kuma kumbura in ta sha ruwa. Abin da ya warware wannan shi ne roba mai suna poliyesta, wadda Whinfield da Dickson suka gano a Ingila a 1941, kamfanin DuPont kuma ya mai da ita leda mai suna Mylar a farkon shekarun 1950. Wannan leda kaurinta ɗaya ne daga gefe zuwa gefe, ba ta miƙewa, ba ta jin ruwa.

Kafin mu ci gaba sai mun san ma'aunin da a ke magana da shi, watau maikiron. In an raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikiron, a cikin inci guda akwai 25,400. Silin gashin kan mutum ya kan kai wajen 70. Ledar da a ke shafa wa garin daimon kaurinta ya kan zama 75, kusan silin gashi ke nan. Ƙwayoyin da ke kanta kuwa hawa-hawa ne: akwai ta 30, da ta 15, da 9, da 6, da 3, da 1, da rabi, har da ta kashi ɗaya cikin goma na maikiron. Ido ba ya rarrabe su, yatsa ma daga wajen 3 zuwa ƙasa sai ya ji sumul, don haka a ke ba kowace launinta.

A ganina babbar gwanintar ba ta ga daimon ɗin ko ledar, tana ga tankaɗen. Rariya ba ta iya raba gari mai laushi haka, saboda haka a kan bi hanyar da mata ke bi wajen kwantar da gasara: a dama garin cikin ruwa, a bar shi, manyan ƙwayoyi su riga sauka, a tsiyaye na sama a sake bari, ko kuwa a sa shi a injin da ke juyawa da sauri don a gaggauta saukar. Dalilin wannan wahala shi ne wake ɗaya ke ɓata gari. In ƙwaya guda mai maikiron 6 ta ɓuya cikin ledar maikiron 1, ita kaɗai za ta yi tsini sama da sauran, ta ja layi a kan aikin da aka wuni ana yi. Bayan tankaɗe sai a gauraya garin da wani irin gam, a shimfiɗa a kan ledar siriri, a busar, a yanka faifai-faifai ko a naɗe kamar ƙyalle.

Me ya sa ba a tsaya ga tsohuwar hanyar kwaɓa gari da mai ba? Ba a bar ta ba, har gobe da ita a ke gyaran daimon na ado. Sai dai sakakken gari yana gangarawa tsakanin faifai da abin da a ke gogewa, ya taru a nan ya ƙaranta a can, ya cinye gefuna su yi kumbo, in kuma abin haɗin abu biyu ne, mai tauri da mai taushi, sai ya rarake mai taushin ya bar ɗayan a tsaye. Ƙwayar da aka dasa a kan leda ba ta zuwa ko'ina, yanka ta ke yi kamar haƙoran magagari, duka a tsayi ɗaya. Shi ya sa a ke goge kabaid da ita, da tangaran na injuna, da yaƙutu, da kan allurar da ke karanta faifan ajiya na kwamfuta, da 'yan yankan da masana ke sirantawa don su duba cikinsu. Wuri guda ne sarkin tauri ya ke jin nauyi, watau baƙin ƙarfe in washi ya yi zafi, domin ƙarfe mai zafi yana shanye gawayi, shi kuwa daimon gawayi ne. Don wannan ne Robert Wentorf, abokin aikin Hall, ya ƙero wani dutsen dabam a 1957 wanda a ke wasa ƙarfe da shi.

Aikin da ya fi shafar mai karatu shi ne na zaren gilashi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka bayyana a Ingila cewa in an tsarkake gilashi sosai za a iya aika saƙo da haske ta cikin zarensa zuwa nesa, a 1970 kamfanin Corning na Amurka ya yi zaren da ya cika sharaɗin, Kao kuma ya sami kyautar Nobel a 2009. Irin wannan zare ne aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Ankara da Ikko a 2010, cikin igiyar da a ke kira Main One, daga bakin teku kuma aka ja irinsa zuwa biranen cikin ƙasa. Kaurin zaren maikiron 125 ne, amma hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa wajen 9 ce kurum. Duk inda za a haɗa zare da na'ura, ko da wani zaren ta hanyar soket, sai bakuna biyu sun sumbaci juna ba tare da rata ba. Ƙarzuwa guda a kan wannan maikiron 9 ta isa ta watsa hasken ko ta mai da shi baya, magana ta riƙa yankewa, saƙo ya yi nauyi.

Ga yadda a ke gyara bakin. A kan zura zaren cikin wani farin bututu na tangaran mai tauri, mai suna zarkoniya, wanda kaurinsa milimita biyu da rabi ne ko rabin haka, a liƙe da gam, a karya abin da ya yi saura. Sa'an nan a ɗora leda a kan faifan roba mai ɗan taushi, a ɗiga ruwa mai tsabta, a kama bututun a tsaye cikin wani mariƙi, a yi ta zana lamba 8 da shi, domin kowane gefe ya ci daidai da ɗan'uwansa. A ma'aikata inji ke yin wannan, bakuna da yawa a lokaci ɗaya. Zarkoniya ta fi gilashi tauri nesa, da za a sa gari mai rauni da gilashin ya lotsa ya bar bututun, amma daimon yana cin su biyun kusan daidai. Taushin robar kuwa shi ke sa bakin ya fito da ɗan doro, yadda tsakiya za ta riga gefe taɓawa. A fara da leda mai kaushi a cire gam, a koma ta 9 ko ta 6, sa'an nan ta 3, sa'an nan ta 1, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Tsakanin kowane hawa sai an wanke bakin da mariƙin sarai, don kada ƙwayar baya ta biyo. Shafar ƙarshe ba ta daimon ba ce, da leda mai garin farin yashi mai laushin gaske a ke yinta.

In an gama sai ma'aikaci ya sa bakin a madubin da ke ƙara girma sau 200 ko 400. Abin da ya ke so ya gani shi ne da'ira wankakkiya, ba layi, ba ɗigo. In ya ga zane ya ratsa tsakiya, sai ya koma kan ledar maikiron 3 ya sake gangarowa.